Ranar da Man Arnfinn Ya Ƙare

Arnfinn Kleiva mai gyaran injin tatsar nono ne, kuma duk mai shanu a kwarin Brekkedal ya san ƙarar motarsa tun kafin ta karyo kwana. Dogo ne, marar yawan magana, hannayensa kullum suna warin giris da madara. In aka kira shi aka ce inji ya tsaya, shanu na ta kuka da nono cike, ba ya tambayar nisa, takalminsa kawai zai jawo. Saboda haka mutane suke ƙaunarsa. Abu guda ne aka san shi da shi wanda ba a yaba ba: ba ya shiga gidan mai sai allurar man motarsa ta kwanta.

Ba rowa ba ce, don hannunsa a sake yake. Tsayawar ce ba ya so. In 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, sai ya ƙwanƙwasa gilashinta da farce ya ce, "Ƙarya kike yi, na san abin da ke cikinki." A cewarsa masu ƙera motoci da gangan suke sa fitilar ta kama da wuri don su tsorata jama'a, kuma direban da ya san motarsa ba ya biye musu.

Oddny, matar da ke riƙe da gidan man bakin gada, ta daɗe tana tsokanarsa a kan haka.

"Kai dai da numfashinka kake tuƙa motar nan, Arnfinn."

"Ta taɓa tsayawa da ni?"

"Ban ji ba tukuna."

"To, zuba mini gahawa."

Gaskiya ne, ba ta taɓa tsayawa da shi ba. Amma duk kwarin ya san dalili, shi kaɗai ne bai taɓa sa abin a lissafinsa ba. Dalilin matarsa ce, Tordis. Ranar da naƙudar 'yarsu Gunnhild ta kama ta, ya ɗauke ta zuwa asibitin birni, suka haye tsauni allura na kwance. Sun isa lafiya, shi yana dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Tun daga nan ta daina yi masa magana a kan mai. Kowace Asabar sai ta karɓi makulli ta ce za ta cefane, ta biya wurin Oddny ta cika tanki. In hunturu ya shigo, akwai jarkar mai guda da take ajiyewa a but ɗin bayan motar, kullum a cike. Ba ta ɓoye masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. A haka suka tsufa, yana taƙama ya san motarsa, ita tana wanke kwanuka tana jinsa.

Farkon wani hunturu ya dawo daga aiki ya tarar da ita a ƙasa cikin kicin, tukunyar dankali na tafasa a kan wuta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka haye da ita tsauni zuwa asibitin birni, ta daɗe a can. Ƙafar ta ɗan dawo har tana jan ta da sanda, hannun bai dawo ba, magana kuwa ta tafi. Tana jin duk abin da aka faɗa, idonta tar, amma in ta buɗe baki ba abin da ke fita sai wani sauti guda, kamar mai shirin kiran suna ya maƙale.

Arnfinn ya riƙa zuwa duba ta. Ya koyi dafa wa kansa kifi, ya koyi kunna injin wanki. Abin da bai koya ba shi ne Asabar ɗin nan. Cikin hunturun motar ta yi masa tari a kan hanyar wata gona, abin da ba ta taɓa yi ba, ya juye jarkar but a tanki ya mayar da ita wayam. Wata rana kuma ya gangaro gidan man Oddny inji a mace, tayoyi kawai ke juyawa, ya tsaya daidai bakin famfo.

"Kin ga lissafi?" in ji shi yana fitowa. "Ko ɗigo ban ɓata ba."

Oddny ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta dubi kan tsaunin inda gajimare ya zauna, ta ce, "Tordis ba ta nan, Arnfinn."

"Na san ba ta nan," ya ce, ya ɗauka gaisuwar jinya take yi masa.

Ƙarshen hunturu likita ya ce za a iya sallamarta. Gunnhild ta bugo waya daga kudu inda take aure, ta ce a jira motar asibiti ta kawo ta.

"Baba, ka bari su kawo ta. Suna da gado a ciki, suna da komai."

"Matata ce. Ni na kawo ta gidan nan ranar aurenmu, ni zan dawo da ita."

"To ka duba motar tukuna. Ka cika tanki, ka ji?"

"Ke da uwarki bakinku ɗaya," ya ce, ya ajiye wayar yana murmushi.

Da safe sama ta yi fes. Ya shimfiɗa fatar tunkiya a kujerar gaba, ya sa bargo da filas ɗin gahawa, ya wuce ta gaban gidan man Oddny ya ɗaga mata hannu. Allura ta sauka ƙasa da kwata, ya ce a ransa zai sha mai a birni. A birni kuma ɗoki ya ɗebe shi, ya tsaya sayen furanni, ya tsaya jiran takardun sallama da magunguna, har rana ta karkata kafin ma'aikaciyar jinya ta turo Tordis a keke zuwa bakin ƙofa. Ta rame, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Suka ɗaga ta su biyu suka zaunar, aka ɗaura mata bel, aka rufa mata bargo. Ta shafa fatar tunkiyar da hannun hagu, ɓarin bakinta mai rai ya ɗan motsa.

Suna fita daga birni fitilar ta kama.

Arnfinn ya gani. Tordis ma ta gani, don shekara da shekaru idonta ya saba zuwa wurin kafin ya je ko'ina. A lokacin iska ta fara juyawa, sama ta koma kalar toka. Rediyo ya ce an rufe hanyar tsauni ga masu tafiya su kaɗai, sai dai a ayari bayan motar share ƙanƙara, kuma mai yiwuwa ayarin da ke shirin tashi shi ne na ƙarshe a ranar.

Gidan mai na ƙarshe yana gindin tsauni, can gaba kaɗan kuma shingen hanya. Daga nesa ya hango layin motoci a bakin famfo, kowa na cikawa kafin hawa. Ya hango fitilar motar share ƙanƙara tana juyawa a bakin shinge. In ya shiga layin nan ayari zai tafi ya bar shi, sai dai ya koma da ita birni ya nemi masauki, mace marar lafiya da ta ƙosa ta ga gidanta. Daga shinge zuwa ƙololuwa ba nisa a ganinsa, daga can kuma gangara ce har ƙofar Oddny.

Tordis ta ɗaga hannun hagu ta daki gaban motar. Sautin nan ya fito daga maƙogwaronta.

"Na gani," ya ce. "Za ta kai mu."

Ta sake bugawa, da ƙarfi.

"Tordis, na san motar nan."

Suka wuce. Ta juya wuyanta iya inda zai juyu, tana kallon gidan man har ya ɓace a bayansu.

Su ne na ƙarshe a layi. Aka daɗe ba a tashi ba, yana kunna inji don hita ta ɗumama mata ƙafa, yana kashewa, yana sake kunnawa. Can sai ga direban motar share ƙanƙara yana bin motocin ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, yana leƙa kowace taga. Jostein ne, ɗan kwarinsu, wanda Arnfinn ya sha gyara wa mahaifinsa inji. Ya sunkuyo, hularsa duk ƙanƙara.

"Arnfinn, kai ne? Sama ba daɗi yau. Akwai kayan sanyi?"

"Akwai."

"Mai fa? Wanda ba shi da rabin tanki ba ya bina."

Arnfinn ya riga ya ɗora safar hannunsa a bayan sitiyari, ta rufe allurar. "Akwai," ya ce.

Tordis ta yunƙura, bel ya riƙe ta. Ta buɗe baki, sautin ya fito sau da yawa a jere, idonta na kan Jostein.

"Yauwa, Tordis, sannu da dawowa," in ji Jostein. "An yi kewarki. Ga ki da ƙarfinki ma." Ya bugi rufin motar da tafin hannu. "Ku bi fitilar na gabanku. Kome ya faru kada wanda ya fita daga mota."

Ya koma gaba, aka ɗaga shinge. Bisa ƙa'ida akwai wata motar aiki da ke bin ayari a baya don kada a bar kowa. Daga baya aka ji cewa a ranar wata babbar mota ta zame ta gitta hanya a bakin shingen jim kaɗan bayan tashinsu, ta tare motar bayan a ƙasa. Arnfinn yana ta duba madubi, bai ga kowa ba, ya ɗauka ƙanƙara ce ta rufe masa gani.

Suka hau. Itatuwa suka gajarce, suka ƙare, sai farin fili da sandunan gefen hanya. Iska na kwaso dusar ƙanƙara tana watsa ta a gicciye, waifa na sharewa tana dawowa. Abin da yake gani kawai fitilu biyu na motar gabansa, suna ƙyaftawa, suna ɓacewa, suna dawowa. Tafiyar ƙaramar giya ce, irin mai shan mai. Tordis ta damƙe bargo da hannunta na hagu. Ya so ya kunna rediyo don shirun ya ragu, ya tarar ba ya kamawa.

A wani lanƙwaso ayarin ya tsaya cak. Ba wanda ya san dalili. Arnfinn ya kai hannu zai kashe inji, ya dubi leɓunanta da sanyi ya fara taɓawa, ya fasa. Ya zauna yana sauraron injin kamar yadda yake sauraron injin tatsa, yana neman inda numfashinsa zai canza. Da aka ci gaba da tafiya sai ya ji gumi na bin bayansa duk da sanyin.

Ya gane wurin da wani ɗan ɗakin katako na masu aikin hanya da ya gifta ta hagu. Ƙololuwa ta kusa. Ya buɗe baki zai gaya mata, sai motar ta yi tari. Ta zabura, ta lafa, ta sake zabura. Ya taka totur, ba amsa. Ta ɗan gangara da sauran ƙarfinta, ta tsaya.

Ya murɗa makulli, inji ya juya bai kama ba. Ya danna hon ya riƙe, iska ta haɗiye ƙarar. Fitilu biyun nan suka yi ƙanana, suka yi ja-ja a cikin farin, suka tafi.

"Motar baya na zuwa," ya ce. "Yanzun nan."

Ya ciro waya, babu sabis. Ya kunna fitilun gargaɗi. Suka zauna suna jin ƙas-ƙas ɗinsu da kukan iska, ɗumin hita na janyewa daga ƙafafunsu. Ba wanda ya zo.

Ya san abin da zai tarar, amma ya fita. Iska ta fizge ƙofar har ta kusa ɓalle ta. Ya bi jikin motar da dafe-dafe zuwa baya, ya buɗe but, ya ɗaga jarkar. Ta taso a hannunsa sakayau. Ya girgiza ta kusa da kunnensa duk da haka. Da ya dawo ciki ya rufe ƙofa, sai ya ga safar hannunsa ɗaya babu, kuma Tordis na kallonsa. Ba ta yi sautin nan ba. Kallonsa kawai take yi.

Ya ba ta gahawa, rabi ya zube ta ɓarin bakinta, ya goge mata. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya rufa mata a kan bargon, ya cire hularsa ya sa mata a kan tata. Ya matso iya matsowa ta kan giya, ya rungume ta, ya cusa shanyayyen hannunta cikin rigarsa a kan fatar cikinsa. Sanyinsa kamar ƙarfe. Gilashin ɓangarenta ya rufe ruf da ƙanƙara, cikin motar ya yi duhu-duhu, numfashinsu na daskarewa a jikin gilashin gaba.

Mutumin da ba ya magana, ranar ya yi ta zuba. Ya gaya mata ya fenti ɗakin ƙasa ya sauko da gadonsu don kada ta hau bene. Ya gaya mata wanda ya sayar da shanunsa da wanda ya haihu. Tana ta karkarwa, haƙoranta na haɗuwa. Abin da ya fi tsorata shi shi ne lokacin da karkarwar ta fara raguwa, kanta ya fara rinjaya.

"Tordis. Kada ki yi barci. Ki zage ni in kina so, amma kada ki yi barci."

Ya mari kumatunta a hankali, ta buɗe ido. Ya tuna cewa in ƙanƙara ta binne fitilun, mai nemansu zai iya wuce su ko ya haye su. Ya fita ya tone fitilun gaba da na baya da hannu, ya dawo. Ba a jima ba ya sake fita. Kowace fita ƙanƙarar ta fi ta da tudu, fitilun kuma sun fi dushewa, batir na mutuwa. Tun yana jin zafin yatsunsa har ya daina jin komai, yana ganinsu farare kamar kyandir.

Jostein kuwa sai da ya kai ayari shingen wancan ɓangaren ya ƙirga motoci, ya ga ɗaya babu. Ya kira motar baya, aka ce ai ba ta taso ba. Ya juya. Hanyar da ya share ta riga ta cike, sai da ya sake share ta a hankali, yana tsoron kada bakin ƙarfensa ya ci karo da abin da yake nema. Magariba ta kawo jiki lokacin da ya hangi wani tudu a tsakiyar hanya, da ɗan haske mai ruwan lemo yana motsi a ƙarƙashinsa.

Ya tone ƙofa da shebur. Ya kwance bel ɗin, ya sungumi Tordis da bargonta ya kai ta cikin motarsa inda hita ke huci. Ya dawo ya ja Arnfinn, wanda ƙafafunsa suka ƙi miƙewa. Sai da suka kama gangara, Tordis na jingine a tsakaninsu tana numfashi sama-sama, Jostein ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Inji ne?"

Arnfinn ya daɗe yana kallon hannayensa. "Mai ne."

Jostein ya mayar da ido kan hanya, ya ci gaba da tuƙi har suka sauka kwari.

Tordis ba ta ga ɗakin da aka fenta mata ba. Sanyi ya shiga huhunta, washegari da iska ta lafa jirgi mai saukar ungulu ya mayar da ita asibitin da ta baro. Ta rayu, amma ƙafar da ta fara takawa ta koma, ba ta sake tsayuwa ba. Shi kuma aka yanke masa kan yatsu biyu na dama, hannun ya daina riƙe ƙananan kusoshi, aikin gyara ya ƙare a nan.

Gunnhild ta zo daga kudu. Ta same shi zaune a barandar asibiti hannu a naɗe, ta tsaya a kansa.

"An ce Jostein ya tambaye ka."

"Ya tambaya."

"Mama tana zaune a gefenka tana ji."

"Tana ji."

Ta zauna nesa da shi a kan bencin. Ita ta sa aka jawo motar daga tsauni, ita ta sayar da ita, bai hana ba. A kwarin ba wanda ya yi masa gori. Ana gaishe shi a kanti, ana tambayar jikin Tordis, sai dai hirar ba ta tsawo kamar da. Jostein in ya hango shi yakan tsallaka ɗaya gefen titi.

Aka ba Tordis ɗaki a gidan kula da tsofaffi na bayan coci. Arnfinn yana zuwa kullum a ƙafa, ya zauna kusa da ita, ya ba ta abinci da hannun hagu, don shi ma yanzu da hagun yake yawancin abubuwa. Tana karɓa. Wani lokaci tana barin ya riƙe mata hannu.

Da sanyi ya wuce, ciyawa ta yi kore, Gunnhild ta zo hutu da mijinta, suka shirya su kai ta gida ta yini. Tafiyar ba ta da nisa, ana hango rufin gidan daga ƙofar cocin. Aka yi mata kwalliya, aka turo kekenta zuwa fili, mijin Gunnhild ya buɗe ƙofar motarsa. Tordis ta dubi kujerar, ta sa hannun hagu ta damƙe tayar keken. Gunnhild ta durƙusa tana lallashi, ta ce ita za ta tuƙa, ta ce rana ce tar, ba iska, ba komai. Ma'aikaciyar gidan ta gwada ɓanɓare yatsun a hankali, suka ƙi.

"Ku bar ta," in ji Arnfinn.

Ya kama keken ya juya shi, sannan ta saki. Ya tura ta suka koma ciki. Ta ƙara shekaru a gidan nan kafin ta rasu, kuma ba ta sake yarda an sa ta cikin mota ba.